Mota ta Biyar

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na safe

Na tashi lokacin da na saba. Na sa rigar aiki, na ɗaura ƙyallen ƙura a wuya, har na ɗauki makullai kafin na tuna ba inda za ni.

Littafin nan na sunayen baƙi ne. Na juya shi ta baya na fara rubutu, tunda ba ni da wanda zan gaya wa. Shafin jiya yana can gaba, ban buɗe ba. Na san abin da ke ciki: motoci biyar, mutum goma, jagora ni, Guacimara.

Ƙanena Nauzet ya liƙa takarda a ƙofar gareji cewa mun dakatar da fita. 'Yan sanda sun ɗora bagi ta biyar, ɗaya daga ƙananan buɗaɗɗun motocinmu na yawo da baƙi, a kan babbar mota sun tafi da ita. Sauran suna jere da ƙurar jiya a jikinsu, ba wanda ya wanke.

Doña Remedios, baƙuwar da ke cikin mota ta biyar, tana asibiti a Puerto. Hannun hagu ya karye, haƙarƙari uku, ɗaya ya taɓa huhu. Mijinta, Don Anselmo, ba a ɗakin marasa lafiya aka ajiye shi ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Awa biyu a ofishin 'yan sanda. Wanda ya ɗauki bayanina ɗan Tindaya ne, mun yi makaranta da yayarsa. Ya kawo mini ruwa a kofin roba.

Na zayyana masa hanyar kamar yadda nake zayyana wa baƙi kowace safiya shekara goma sha bakwai. Mu tashi daga Corralejo, ni a gaba, su a bayana a jere. Mu bi titin da ya ratsa tuddan yashi, mu bar kwalta, mu hau tsohon dutsen aman wuta, mu tsaya a bakin raminsa. Daga nan mu gangara, mu ratsa baƙaƙen duwatsu, mu ƙare a bakin teku a El Cotillo. Ba a wuce juna. Ba a cire bel. Ba a barin layi.

Ya ce, "Sun ɗaura bel?" Na ce ni na duba da hannuna.

Ya ce, "Mamacin ya sha wani abu?" Na ce ruwa.

Ya ce, "A saman dutse, wani abu ya faru?"

Na ce mun tsaya minti ashirin. Sun ɗauki hotuna, sun ba kurege gyaɗa duk da na hana.

"Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan. Na sa hannu a takarda.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Birkin lafiya ƙalau yake. Nauzet ya ce shi ya duba ranar Laraba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Gidan Mama a Villaverde. Ta dafa kifin gishiri da dankali, ta kwaɓa gofiyo, garin soyayyen hatsin nan, kamar kowace Lahadi. Ta kunna sabon kyandir a gaban hoton Maryamu, kusa da na Baba. Ba ta tambaye ni komai ba, faranti kawai take cika mini.

"Ci, 'yar nan. Kin zama kamar sandar shanya."

"Na ƙoshi, Mama."

"Kin ƙoshi da me? Iska?"

Nauzet ya so ya ba mu dariya, ya miƙa hannu cikin farantina ya ce bari ya taimaka. Mama ta buge masa hannu da cokali kamar yana ɗan shekara bakwai. Shi kaɗai ya yi dariyar.

Da muka gama ta ce in kai wa awaki ruwa. Na ce ƙafata na ciwo. Ta dubi ƙafar, ta dube ni, ta ɗauki bokitin da kanta. Mace mai shekara saba'in da huɗu. Ina jin ƙararrawar wuyansu daga kicin, na tashi na rufe taga.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ba na riƙe fuskokin baƙi. Da sun sa tabarau sun rufe baki da ƙyalle, duk ɗaya suke. Shi na riƙe.

Farar riga a goge ya sa, wai zuwa hawan bagi. Na ce, "Don Anselmo, rigar nan ba za ta koma otal fara ba." Ya ce, "Ba komai, 'yata, ba ni nake wanki ba." Matarsa ta harare shi. Kafin ya shiga sai da ya zagaya motar, ya taɓa tayoyi huɗu da ƙafa, ya zauna ya gyara madubi. Ba baƙon da ya taɓa gyara mini madubi. Doña Remedios ta ce in yi haƙuri da shi, direban bas ne, shekara talatin da huɗu yana jigilar mutanen ƙauyukan Zamora bai taɓa goge ko fenti ba. Watan jiya ya yi ritaya. Ita ta shirya tafiyar, don ya tuƙa wani abu sau ɗaya a rayuwarsa ba mutum hamsin a bayansa.

Shi ya zaɓi ya zama na ƙarshe a layi. Tun daga yashi nake rage gudu ina jiransa. Sau uku na tsayar da layin. Samarin mota ta biyu suna ta danna hon.

Na yi komai bisa ƙa'ida.

Laraba, 16 ga Oktoba, tsakar rana

Ɗansu ya zo gareji. Fabián sunansa. Tsayin uban, har yadda yake haɗa hannuwa a baya. Na zata zai yi faɗa, har na so ya yi. Bai yi ba. Ya zagaya motocin a hankali, ya leƙa ƙarƙashin ɗaya.

Ya ce, "Ke ce kike gaba ranar?"

Na ce ni ce.

"Abu ɗaya nake so in gane. Babana ko titi fetal ne ba kowa, ba ya wuce abin da allo ya ce. Me zai sa shi gudu a gangare, da mahaifiyata a gefensa?"

Nauzet ya ce wataƙila zuciya ce, ko ƙafarsa ta zame, a jira rahoton likita. Fabián bai ko dube shi ba, ni yake kallo.

"Mahaifiyata ta ce ba ta tuna komai daga saman dutsen."

Na ce Allah ya ba ta lafiya.

Ya ce a nan tsibirin za a ƙone gawar, da zarar an ba su ita. Uwar ta hana a sa shi a jirgi ba tare da ita ba.

Bayan ya tafi na shiga banɗaki na yi amai. Nauzet ya ƙwanƙwasa, na ce kifin Mama ne. Kifin Lahadi. Yau Laraba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Mako ɗaya. War haka muna kan yashi.

Na shiga shagon kofi na Chano, inda jagorori ke taruwa kafin fita. Ayoze yana ciki, mai kai baƙi a kan babur mai ƙafa huɗu. Bai juyo sosai ba ya ce, "A'a, ga Uwar Awaki," kamar kullum. Sunan da suka laƙaba mini ke nan, saboda wani barkwanci da nake yi wa baƙi. Duk jagororin arewa sun san shi, wasu ma sun sace suna yi.

Sai ya ga fuskata. Ya ce, "Guaci, ba laifinki ba ne. Kowa ya sani." Chano ya turo mini kofi ya ƙi karɓar komai.

Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Na bar kofin a cike.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

A gangaren nan ba na yin daƙiƙa goma ban duba madubi ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai in jira biyar. Tun safe haka nake yi da shi, sai na jira.

Da muka baro saman dutse ban jira ba. Yana nan manne da ta huɗu, kusa fiye da yadda ya kamata, farar rigar ta yi ja da ƙura. Na ji daɗi. Wannan ma in rubuta shi. Na ji daɗi, har na ɗaga masa babban yatsa ta saman mota.

Sai kwanar ƙasan dutse, inda hanya ke karyawa hagu, tsakuwa na zamewa. Na sha kwana. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ƙura. Na ce bari ƙurar ta lafa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Kwarin da ke ƙasan kwanar bai fi tsayin bene hawa ɗaya ba. Da na isa, tayoyin suna sama, ɗaya na juyawa. Ita tana kiran sunansa, ba da ƙarfi ba, kamar mai tashin mutum daga barcin rana.

Yau iya abin da zan iya ke nan.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Rahoto ya fito. Motar ba ta da matsala. Zuciyarsa ba ta da matsala. Gudu ya yi yawa a kwana. An ce muna iya buɗewa.

Nauzet ya zo gidana da takardar a hannu, yana ta haki.

"Guaci, an wanke mu."

"An wanke motar dai."

"Ke kika riƙe masa sitiyari? Ke kika taka masa totur?"

"A'a."

"To me kike so? Ki zauna a ɗaki ki ruɓe? Jibi akwai mutum takwas."

"Ka kai su."

"Ni bakanike ne, ba ni da baki irin naki. In na buɗe baki a saman dutse sai su yi barci. Mutane don surutunki suke zuwa, kin sani."

Da ya faɗi haka na ce ya fita mini daga gida. Ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Me na ce? Guaci, me na ce?" Bai san me ya ce ba.

Birkin lafiya ƙalau yake.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Nauzet ya fita da su. Ni na wanke tabarau arba'in, na shanya, na sake wankewa.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

An sallami Doña Remedios, amma likita ya hana ta hawa jirgi sai huhun ya warke. Ta kama ɗaki a Puerto. Fabián ya koma bakin aikinsa, ita ta kore shi. Ta kira gareji ta bar wa Nauzet saƙo, tana son ganin jagorar.

Ban je ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Yau ma.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Nauzet ya kai ƙarata wurin Mama. Ta naɗe cuku guda a farin ƙyalle ta ajiye a gabana.

"Matar nan ba ta da kowa a tsibirin nan. Ko ki kai mata, ko in hau bas in kai da kaina, in gaya mata 'yata ta zama matsoraciya."

"Mama, ba ki san abin da ya faru ba."

"Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ɗauki."

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Doña Remedios ƙaramar mace ce, na manta. Hannu a rataye a wuya, numfashi guntu-guntu. Ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin rame." Sai ka ce ni na yi mako biyu a gadon asibiti.

A kan tebur kusa da talabijin akwai ɗan tulun ƙarfe ruwan toka, irin na zuba tokar gawa. Ta ga ina kauda ido. Ta ce, "Anselmo ne. Zauna, ba ya cizo."

Ni na yanka mata cukun, hannu ɗaya ba ya yanka. Ta ci kaɗan. Ita ce ta yi tambaya.

"Bayan kwanar nan, me ke gaba?"

Na ce baƙaƙen duwatsu ne iya ganin ido, sai garkunan dutse na mutanen da, sai hanya ta hau wani ɗan tudu, teku ya bayyana lokaci ɗaya.

"Ki kai ni."

Na ce to, motata tana waje, duk ranar da ta so.

"A'a. A irin waccan. Ba ni da hannun tuƙi, ke za ki ja."

"Haƙarƙarinki fa, Doña Remedios?"

"Nawa ne."

"Likita zai yarda?"

"Likita yaro ne mai kirki. Ba sai mun tayar masa da hankali ba."

Na ce ban sake hawa bagi ba tun ranar. Ta ce, "Ni ma."

Mun tsayar da Talatar mako mai zuwa. Fabián ya ce ba ta tuna komai. Duk zaman nan idonta nake kallo ina nema, ban ga komai ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Jiya jajiberin ranar matattu. Mama ta ce ba a barin baƙuwa ita kaɗai a irin wannan rana, ta sa na je na ɗauko ta.

Muka zauna a tsakar gida tun rana na sama, da busassun ɓaure da gyaɗar almon da 'yar kwalbar giyar anis, kowa ya ba da labarin nasa mamacin. Mama ta ba da na Baba, ranar da ya sayo raƙumi don noma, raƙumin ya ƙi tashi kwana uku. Na ji shi ya fi sau talatin.

Doña Remedios ta ce wata takwas tana hawa bas ɗin Anselmo zuwa masaƙar da take aiki, kullum tana tsaye a bayan kujerarsa ko da akwai wurin zama, bai taɓa ce mata uffan ba. Har ta fid da rai. Ran nan sai ya dube ta ta madubi ya yi gyaran murya. Ta ce a ranta, yau dai. Sai ya ce, "Ki riƙe ƙarfe, akwai kwana a gaba."

Nauzet ya fashe da dariya. Mama ma. Sai dariyar ta tsaya mana a wuya gaba ɗaya.

Kafin rana ta faɗi Doña Remedios ta ce in raka ta ta miƙe ƙafa. Ta ja ni har bayan gida, har katangar garke. Ta jingina da dutse.

"Su ne waɗannan?"

Na ce su wa.

"Awakin mahaifiyarki."

Ta daɗe tana kallon tsohuwar akuyar nan mai ɗingishi. Sannan ta ce, "Ba su da wani sauri."

Ta tuna. Tun farko ta tuna.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

To, bari in rubuta.

A bakin ramin kowa ya riga ya taru. Shi ya iso na ƙarshe, ya kashe mota, ya ja birkin hannu, ya cire ƙyallen ya ninke shi. Na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce, "Don Anselmo, awakin mahaifiyata sun riga ka isowa, har sun yi kiwo sun koma gida. Gurguwar cikinsu ma ta ce in gaishe ka."

Kowa ya yi dariya. Samarin mota ta biyu suka yi ta kukan akuya. Shi ma ya yi murmushi, ya taɓa bakin hularsa. Kunnuwansa suka yi ja.

Na yi wa mutum fiye da dubu wannan maganar. Kullum akwai na ƙarshe a layi. Ban taɓa duba kunnen kowa ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Nauzet ya ware mana mota ta ɗaya, ya duba ta sau biyu, ya cusa filo uku a kujerar. Ta zo da jakar hannu kawai. Ta ce ta bar Anselmo a ɗaki, ba za ta sake hawa da shi dutsen nan ba.

Na sa makulli, na daɗe ban murɗa ba. Ta ce, "In za ki yi kuka ki yi yanzu, ba a kan hanya ba." Ban yi ba. Muka tafi kamar masu tura baro. Kowane rami sai ta cije leɓe, in na rage ta ce in ci gaba.

A saman dutse ba kowa sai iska da kurege. Na kwance mata bel. Ta taka zuwa bakin ramin, ta tsaya daidai inda suka tsaya ranar.

Na ce, "Doña Remedios, ni ce. Maganata ce ta sa shi."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Na ji abin da kika ce. Kin san abin da ni na ce?"

Na ce a'a.

"Da muka koma mota na dafa masa gwiwa ina dariya. Na ce, ka ji ko, yarinyar da ta san ka awa ɗaya ma ta gane ka. Na ce, shekara talatin ina zaune a gefenka ina tsufa a hanya, yau ɗaya ka nuna musu." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Ya ce, to, Reme. Abin da ya ce ke nan. To, Reme."

Na zauna a ƙasa.

"Ba zan ce miki ba komai ba, 'yata. Akwai komai. Da kin yi shiru da yana nan. Da ni na yi shiru da yana nan. Amma na ga kin kwashe abin gaba ɗaya kin ɗora a kanki, kuma ba naki ba ne ke kaɗai. Kada ki ƙwace mini nawa."

Na tambaye ta ko in koma wurin 'yan sanda. Ta ce, "Ki ce musu me? Su rubuta akuya a takarda?" Fabián kuwa ta ce ita za ta gaya masa, da bakinta, ranar da ta iya. Ƙarya ta yi masa a asibiti don ba ta iya kallon fuskarsa ba.

Da muka doshi kwanar na fara taka birki zan tsaya. Ta ce, "Kar ki tsaya. Sha kwanar kawai." Ta rufe ido, ta riƙe ƙarfen gabanta da hannun mai lafiya. Na sha kwanar. Ba ta buɗe ido ba sai da muka shiga baƙaƙen duwatsu.

Da teku ya bayyana daga kan tudun ta ce in kashe mota. Muka zauna. Ruwan ya yi shuɗi har yana ɗaukar ido.

Ta ce, "Da ya so wurin nan. Da ya ce ruwan zai yi sanyi, ya zauna a mota yana gadin jakata."

A nan ne ta yi kuka. Kuka na yi mata ciwo a haƙarƙari, sai ta riƙa yin sa kaɗan-kaɗan tana hutawa.

Laraba, 6 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na gaya wa Nauzet. Yana ƙarƙashin mota ta uku, ƙafafunsa kawai nake gani. Ya daina bugun abin da yake bugu. Can ya ce, "Ni ma duk lokacin da kika faɗa sai na yi dariya." Bai fito ba, ni ma ban tafi ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Na kai ta filin jirgi. An karɓi akwatinta. Ya rage jakar hannu da wata jakar yadi mai tulun da takardunsa, wannan ba ta yarda kowa ya taɓa ba tun daga ɗaki, har ni.

Saura kaɗan a kira su ta ce za ta zaga. Ta dubi jakar, ta dubi hannunta da ke rataye, ta dubi ƙofar banɗakin. Sai ta miƙo mini.

"Riƙe mini shi."

Ya fi yadda na zata nauyi. Na ɗora shi a cinya, na kewaye shi da hannu biyu. Mutane na ta wucewa da jajayen fuskoki da allunan wasan ruwa. Na sunkuyar da kai na ce, "Don Anselmo, Guacimara ce, jagora." Na gaya masa tuƙinsa daidai ne tun daga Corralejo. Na gaya masa a shekara goma sha bakwai ban ga wanda ya fi shi iya riƙe mota ba, kuma na gani tun ranar, tun yana gyara madubi, amma abin da na faɗa daban. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba.

Da na ɗago tana tsaye can kusa da shagon jaridu, hannunta ya riga ya bushe. Ban san tun yaushe take jira ba. Ta taho a hankali.

"Kin gama?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban gama ba. Amma an kira mu."

Na taimaka mata ta rataya shi a kafaɗar mai lafiya. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ta gyara mini wuyan riga da yatsu biyu, ta shiga layi. Na zauna a kujerar da ta tashi har aka share sunan jirginsu daga allo.